Yadda Ake Amfani da "Pick Up" a Turancin Yau da Kullum

Duk wanda ya saba sauraron Turawa suna hira a tsakaninsu, ba jawabin taro ko karanta labarai ba, zai lura cewa manyan kalmomin da aka sha wahalar haddacewa a aji ba su cika fitowa daga bakinsu ba. Inda littafi ya ce *collect*, su sai su ce *pick up*. Inda ya ce *improve*, nan ma *pick up*. Amsa waya, koyon yare, kamuwa da mura, biyan kuɗin abinci, kamen 'yan sanda, dukkansu da waɗannan 'yan kalmomi biyu suke faɗarsu.

Irin wannan haɗi na aikatau da wata guntuwar kalma kamar *up*, *off*, *out* ko *on* shi ake kira *phrasal verb*. Sunan bai yaɗu ba sai daga 1925, ta hannun marubuci Logan Pearsall Smith, amma wahalar ta girmi sunan nesa ba kusa ba. Tun a 1755 Samuel Johnson ya rubuta a gabatarwar ƙamusunsa cewa a nan ne baƙon harshen Ingilishi ya fi shan wuya. To, in abin yana ba ka ciwon kai, ba kanka farau ba.

Sai dai mai jin Hausa yana da wata sa'a da ba kowa ke da ita ba. Dubi ɗauka, ɗauko, ɗauke. Ko saya, sayo, sayar. Saiwa ɗaya ce, amma da an taɓa wutsiyar kalmar sai ma'ana ta juya, har saye ya koma sayarwa. Aikin da Hausa ke yi da wutsiyar aikatau, shi Turanci ke yi da 'yar kalmar da yake jingina masa a gefe. Saboda haka *up* ba ado ba ce da za a yar in an ga dama.

Mataki na 1: raba *pick* da *pick up*

*Pick* shi kaɗai zaɓe ne, ko tsinkar abu daga jikin itace ko tsiro. *Pick a colour*, zaɓi launi. *Pick flowers*, tsinko furanni. Da zarar *up* ta shigo, zancen zaɓe ya ƙare, an koma ɗaga abu ko ɗaukarsa. In aka ce maka *pick a pen*, alƙaluma ne da yawa a gabanka, ka zaɓi ɗaya. In aka ce *pick up the pen*, alƙalami ɗaya ne, yana ƙasa ko kan tebur, ka ɗauke shi.

A wuri biyu masu koyo suka fi jefar da *up*. Na farko batun waya. Za ka ji mutum ya ce *he didn't pick my call*. A Ingila ko Amurka za a iya gane nufinsa, amma kunnensu zai ji jimlar ta gutsure. Abin da suke cewa shi ne *he didn't pick up*, ko *she's not picking up*, ko kuma *he didn't answer my call*. Asalin maganar daga tsofaffin wayoyin tebur ne, lokacin da sai ka ɗaga kan wayar daga mazauninsa kafin ka yi magana. Daga can ne ma *hang up* ta samo asali, wato rataye kan wayar in an gama. Wayoyin sun shuɗe, maganar ta zauna.

Na biyu batun ɗauko mutum. *Pick me at the station* ba daidai ba ne. *Pick me* nufinsa a zaɓe ni, irin abin da yaro ke faɗa yana ɗaga hannu a aji. Wanda ke son a zo a ɗauke shi a mota *pick me up at the station* zai ce.

Mataki na 2: san inda ake ajiye karɓau

Wannan ƙa'ida ita ce ta fi saurin tona asirin mai koyo, kuma ba ta da tsawo. In karɓau, wato abin da aka ɗauka, suna ne, kana da zaɓi biyu, duka daidai: *pick up the book* ko *pick the book up*. Amma in wakilin suna ne, wato *me, you, him, her, it, us, them*, zaɓi ya ƙare, dole ya shiga tsakiya: *pick it up*, *pick them up*, *I'll pick you up*. Ba a cewa *pick up it*. Ko yaron da bai shiga makaranta ba, in Turanci harshen gidansu ne, ba zai faɗi haka ba.

In kuma karɓau ɗin dogo ne, a bar shi a baya. *Pick up the book you dropped under the table* yana tafiya lafiya. In ka ja *up* ka kai ta ƙarshen wannan jimla, kafin mai sauraro ya iso gare ta ya manta da *pick*.

Wajen canja lokaci kuwa, *pick* kaɗai ake taɓawa: *picks up, picked up, picking up*. *Up* tana nan yadda take.

Hanyar da za ka sa bakinka ya saba ita ce ka ɗauki jimla mai suna, ka faɗe ta da ƙarfi, nan take ka maimaita da wakilin suna. *Pick up the keys. Pick them up. Pick up the baby. Pick her up.* Ka yi ta yi har sai *pick up them* ta fara yi maka ƙaiƙayi a kunne. Sanin ƙa'ida a ka bai wadatar ba, domin a tsakiyar hira ba ka da lokacin tuno ta.

Mataki na 3: dubi abin da ya biyo baya

Nan ne aikin yake. Ƙamus babba zai jero maka ma'anoni barkatai, kuma a ganina haddace su a jere ɓata lokaci ne. Shi mai harshen ba jeri yake bi ba, kalmar da ta zo tare da *pick up* ita ke gaya masa abin da ake nufi. Kai ma haka za ka yi.

In abu ne da hannu ke iya ɗagawa, ma'anar asali ce: *pick up your bag*. Daga nan aka sami *pick yourself up*, ka tashi bayan ka faɗi, ko faɗuwar jiki ko ta jarrabawa ko ta kasuwanci. Amurkawa kuma suna ƙara mata ma'anar kintsa wuri. Uwa za ta ce wa ɗanta *pick up your room*, ba ɗakin zai ɗaga ba, tarkacen da ya watsa zai tattare. *I'm tired of picking up after you* kuwa ƙorafin wanda ya gaji da kwashe shirgin da wani ya bari ne.

In mutum ne, kuma ga wuri ko lokaci, ɗauko shi ne a mota: *I'll pick you up at eight*, *she picks the children up from school*. Kishiyarta *drop off*, sauke mutum, ita ma da wakilin suna a tsakiya: *I'll drop you off*. Shi ya sa a filayen jirgin sama da ƙofofin makarantu za ka ga allo an rubuta *pick-up and drop-off*. Haka ma kayan da ke jiranka a wani wuri, kamar saƙo a gidan waya, tikiti, ko maganin da likita ya rubuta: *your order is ready to pick up*. 'Yan Ingila sukan sa *collect* a nan fiye da Amurkawa.

In kayan saye ne, saye ne na kan hanya, wanda ba a yi dogon shiri dominsa ba. *Can you pick up a newspaper on your way home?* Ka biya ka sayo jarida in za ka dawo. *I picked it up cheap*, na same shi da araha. Akwai ɗan ƙanƙantar da abu a ciki. Wanda ya shekara goma yana tara kuɗin gida ba zai ce *I picked up a house* ba, sai in burga yake son yi.

Sai wadda na fi so, domin Hausa tana da takwararta sak. In yare ne, ko sana'a, ko hali, *pick up* koyo ne ba tare da an zaunar da kai an koya maka ba. *She picked up Spanish while working in Madrid*: ba aji ta shiga ba, zama da mutane ne ya sa Sifaniyanci ya kama bakinta. Mu tsinta muke cewa. "A ina ka tsinto wannan hali?" shi ne *where did you pick up that habit?* ba ragi ba ƙari. Bambancinta da *learn* da *study* yana da muhimmanci. Wanda ya yi shekaru yana karatun likitanci ba zai ce *I picked up medicine* ba, za a ɗauka magani ya je karɓowa. Sabon ma'aikaci kuma, ranar da ya fara aiki komai ya cakuɗe masa, abin da abokan aiki ke faɗa masa don kwantar da hankali shi ne *don't worry, you'll soon pick it up*, kada ka damu, hannunka zai faɗa.

Cuta ma tsintarta ake yi: *I picked up a cold*, *he picked up an infection*, yawanci ciwon da ake kwasowa a tafiya ko cikin jama'a. Masu sauraron sharhin ƙwallon ƙafa na Ingila suna jin wannan kullum ko ba su lura ba. *He picked up an injury*, ya ji rauni. *He picked up a yellow card*, an ba shi katin gargaɗi. *They picked up three points*, sun samu maki uku. Alheri da akasinsa duk a baki ɗaya, don haka kada ka ɗauka kalmar tana nuna daɗi ko rashinsa. Abin da aka samu shi ke nunawa.

In na'ura ce ke aikin, kamawa ne ko ganowa. Rediyo *picks up* tasha, makirfo *picks up* ƙarar fanka, hoton asibiti *picks up* matsalar da ido bai gani ba, kare *picks up* ƙanshin abin da yake bi.

In takardar kuɗi ce, biya ne, musamman biya wa wasu. *I'll pick up the bill*, ni zan biya. Amurkawa sun fi cewa *pick up the check* ko *pick up the tab*. A jaridu za ka ga *taxpayers will pick up the tab*, wato a kan masu biyan haraji nauyin zai ƙare.

In 'yan sanda suka shigo jimlar, kame ne: *he was picked up by the police*.

Akwai kuma wadda ya kamata ka sani don gudun jin kunya. *Pick someone up* tana iya nufin tare wanda ba a sani ba, mace ko namiji, da daɗin baki da niyyar sharholiya. Maganar da ake buɗe irin wannan zance da ita ma sunanta *pick-up line*. In ka ce *I picked up a girl at the station*, kai kana nufin ƙanwar abokinka ka ɗauko daga tasha, mai sauraro zai iya ɗaga gira. Maganin abin shi ne ka fayyace wace ce: *I picked my friend's sister up from the station*. Da an ambaci suna ko dangantaka, shubuha ta kau.

Mataki na 4: in babu karɓau sam

Wani lokaci *pick up* tana tsayawa ita kaɗai, ba abin da aka ɗauka. In ba zancen waya ake ba, to farfaɗowa ce ko ƙaruwa. *Business is picking up*, kasuwa ta fara buɗewa. *Sales picked up in December*, ciniki ya ƙaru a Disamba. *The wind is picking up*, iska tana ƙara ƙarfi. Lura cewa ba kullum albishir ba ne: ciniki ya ƙaru daɗi ne, iska ta ƙaru ga mai kwale-kwale tashin hankali ne.

'Yan maganganu kaɗan kuma sun daskare, a dunƙule ake koyonsu. *Pick up speed*, ƙara gudu. *Pick up the pace*, a ɗaga ƙafa. *Let's pick up where we left off*, mu ɗora daga inda muka tsaya, wadda malamai da shugabannin taro ba sa rabuwa da ita. *Pick up the pieces*, tattara abin da ya saura a sake gina rayuwa bayan wata masifa.

Mataki na 5: kada 'yan uwanta su ruɗe ka

Ƙara *on* a baya sai a sami wata kalmar dabam. *Pick up on* shi ne lura da abin da ba a fito fili an faɗa ba. *She picked up on his tone*, ta gane daga muryarsa cewa da magana. Ita wannan ba a raba ta, ko da wakilin suna ne a ƙarshe yake zama: *I didn't pick up on it*. Wato ƙa'idar mataki na 2 ba ta aiki a nan. A Ingila kuma akwai *pick someone up on something*, tsayar da mutum a gyara masa abin da ya faɗa: *can I pick you up on that point?* Masu yi wa 'yan siyasa tambayoyi a rediyo suna yawan faɗinta.

Cire *up* ka bar *on* kaɗai, ka faɗa wani gari: *pick on* tsangwama ce. *Stop picking on him*, ka daina takura masa. *Pick out* zaɓowa ne ko gano abu cikin taro. *Pick at* tsakurar abinci ne irin na wanda ba ya jin ci.

Mataki na 6: gyara furuci

Dalilin da ya sa mutum zai san kalmar a takarda amma ta wuce shi a hira shi ne ba a furta ta a rarrabe. *Pick it up* a bakin mai harshen kalma ɗaya ce, kamar "pikitap". Ba'amurke ma zai tausasa *t* ɗin ta koma tsakanin d da r. *Picked up* kuwa "piktap" ce, domin *ed* bayan *k* sautin *t* take bayarwa, ba a cewa "pikid". Nauyin murya yakan sauka a kan *up*, musamman in ita ce ƙarshen jimla.

Mai jin Hausa yana da ƙarin aiki guda, domin wannan haɗi da *p* ya fara, da *p* ya ƙare, kuma harshenmu yakan ja ta zuwa f. Leɓɓa biyu za su rufe ruf, iska ta taru, sannan su buɗe. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka ka ce *pick*. In ta yi tsalle sau ɗaya, ka yi daidai. In iska ta yi ta zirarowa tana kaɗa ta, f ka yi. Wasalin *pick* kuma gajere ne. In ka ja shi ya zama *peek*, leƙe ke nan.

In kalmar ta koma suna, abu biyu ke canjawa. Nauyin murya ya dawo gaba, rubutun kuma ya haɗe: *pickup* ko *pick-up*. Daga nan ne sunan motar a-kori-kura ya fito, *pickup truck*. Aikatau kuwa kullum kalma biyu ne a rabe. *I will pickup the parcel* kuskure ne da ya cika saƙonnin waya, har na masu harshen.

Mataki na 7: san inda za ka ajiye ta

A hira, saƙon waya, da imel tsakanin abokan aiki, *pick up* ita ce daidai, kuma guje mata ne ke sa Turancin mutum ya yi tauri. Wanda ya ce wa abokinsa *I shall collect you at eight* sai a ji kamar takardar ofis ce ke magana. Amma a rubutun jami'a, rahoto, ko takardar neman aiki, gara ka koma ga kalma ɗaya mai ma'ana ɗaya: *collect, acquire, detect, resume, improve*. A takardar neman aiki musamman, *I picked up accounting* tana nuna tsintar lissafin kuɗi ka yi a gefe, alhali ƙila shekara uku ka yi kana karanta shi.

Yanzu gwada kanka da wannan saƙon murya, irin wanda mata za ta bar wa mijinta:

*I called twice but you didn't pick up. Can you pick Sam up from school at three? I think I've picked up a bug, so I'm not driving. And pick up some batteries on the way. The wind's picking up and the power might go.*

Kafin ka karanta gaba, bi su ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar kanka me ya biyo bayan kowace. Ta farko ba karɓau, kuma an ambaci kira, to amsa waya ce. Ta biyu ga mutum, ga wuri, ga lokaci: ɗauko yaro daga makaranta da ƙarfe uku. Ta uku *bug* ce ta biyo, wadda a nan ba ƙwaro ba ne, 'yar cuta ce mai yawo, wato ta kwaso wani ciwo. Ta huɗu kayan kanti ne da *on the way*, a biya a sayo batir. Ta biyar ba karɓau, iska ce ke aikin: tana ƙara ƙarfi, wuta na iya ɗaukewa.

Sai ka rubuta amsar mijin da kanka, da sharaɗin kada ka maimaita sunan yaron ko batir, wakilin suna za ka sa. In ka fito da wani abu kamar *Sorry, I was in a meeting. I'll pick him up, and I'll pick them up on the way back*, to *him* da *them* sun zauna a gurbinsu. Daga nan ka ɗauki *drop off* ka bi da ita ta waɗannan matakai, domin ita ce za ka fi buƙata tare da wannan, kuma ita ma tana da nata ɓoyayyun ma'anoni, ciki har da ɓingirewa da barci.